Lamba ta Uku a Layin Awo

A bencin masu awon ciki, wata matashiya sai murza katinta take yi. Matar da ke gefenta ta dube ta.

"Na fari ne?"

"Eh, wata biyu. Yaya, da safen nan na ga jini kaɗan. Ko maigidan ban faɗa wa ba."

"Ki faɗa wa nas komai, ban da kunya. Ungo lambata, ni ce ta uku. Kawo taki."

"Ke fa? Ai kin riga ni zuwa."

"Sau biyu ina shiga ɗakin can da cikin wata uku, su ce ba bugun zuciya. Ba na gaggawar shiga, ƙanwata."

Matashiyar ta karɓi lambar, amma ba ta saki hannun matar ba.