Yadda Muka Zaɓi Injin Yanke Ciyawa na Lambun Zumunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro kuma shugaban Lambun Zumunci, Alhaji Mutaru. Limaminmu Malam Hambali. Iyayenmu maza da mata da suka daure suka sauko daga dogayen benayen titin Grand Concourse. 'Yan'uwa mutanen Kumasi da Accra, mutanen Yamai da Maraɗi, mutanen Kano. Direbobin da suka ajiye mota, masu shagunan da suka ja ƙofa, masu aikin jinya irina da suka roƙi a canja musu rana. Da maƙwabtanmu waɗanda ba sa jin Hausa amma suka zo suka zauna tare da mu: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Suweiba. Ni kwamitin lambu ya ɗora wa aikin nemo sabon injin yanke ciyawa, kuma ga shi nan kuna gani a gindin bishiya. Ina godiya ga Allah da ya kawo mu wannan rana, ina godiya ga kwamiti da ya amince da ni, ina kuma godiya ga waɗanda suka yi mini gardama, domin gardamarsu ce ta gyara aikin. Zan faɗi yadda aka yi daki-daki, domin abin jama'a ne, ya kamata jama'a su sani.

Na farko, dalilin da ya sa muka rabu da tsohon injin.

Kun san lambun nan ƙarami ne. Idan aka cire komayen kuɓewa da gauta da yakuwa, abin da ya rage na ciyawa shi ne ɗan filin da kuke zaune a kai, da 'yan hanyoyin da ke ratsa tsakanin shuke-shuke. Shekara shida muna yanke shi da injin fetur da wani bawan Allah ya ba mu kyauta. Ya yi mana aiki, ba za mu manta ba. Amma ya tsufa, ba ya tashi sai an ja igiyarsa har kafaɗa ta yi tsami, in kuma ya tashi sai ƙara da hayaƙi.

Tagar can ta ƙasa da ke kallon lambun nan ta Maame Afua ce, dattijuwa 'yar Asante da ta fi yawancinmu daɗewa a wannan layi. Tana fama da ciwon asma. Wata Asabar da rana a bara, ana cikin yankan ciyawa, na ga motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidansu, na ga an fito da ita da robar iska a fuska. Kwana uku ta yi a asibiti. Da na je gaishe ta, da yake ni ma ina jin yarensu na Twi, sai ta gaya mini cewa duk ranar da ta ji an tayar da injin nan takan rufe tagogi ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, ranar nan ce kawai ba ta yi sauri ba. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mana tun da wuri. Ta ce tana jin daɗin ganin yaranmu suna wasa a ciyawar, kuma ta ji tsoron in ta kai ƙara a rufe mana lambun.

Jama'a, shekara shida baiwar Allah nan tana toshe ƙofarta saboda mu, mu kuwa ba mu sani ba. Daga wannan rana ba a ƙara tayar da injin ba.

Na biyu, abin da muka gwada kafin mu zo ga batir.

Alhaji Mutaru ya ce ai mu 'ya'yan manoma ne, a kawo adda. Aka kawo adda. Alhaji ya yi Asabar biyu yana sara, ta uku ya zo da sanda, kuma ina fatan zai yafe mini da na faɗa a bainar jama'a. Aka yi maganar injin da ake jona wa wayar lantarki, sai muka tuna lambun nan ba shi da wuta ko ta ƙwai ɗaya. Aka aro mana wanda ake turawa da ƙarfin hannu kawai, ya yi kyau a gajeriyar ciyawa, amma da aka yi ruwan sama na mako guda ciyawa ta yi tsawo, sai ya riƙa kwantar da ita yana wucewa. Abin da ya rage shi ne injin batir.

Na uku, kuma a nan maganar take da nauyi, ƙanenmu Boubacar ya ce bai yarda ba.

Yawancinku kun san shi da shagon shadda da huluna da ke bayan tashar jirgin ƙasa na layin D. Amma kafin shago, kai wa mutane abinci yake yi a kan keken lantarki. Shekara uku da suka wuce, batirin kekensa ya mutu, wani ya haɗa shi da mai sayar da na araha, wanda ba suna ba tambari. Ya jona shi a bakin ƙofar ɗaki ya sauka sallar la'asar. Matarsa Nafissa tana ciki da jaririyarsu. Wutar ta tashi a daidai hanyar fita. Allah ya sa akwai matakalar ƙarfe ta bayan taga, ta nan Nafissa ta sauko da goyo, ba ko takalmi. Ba a rasa rai ba, amma ba a fitar da ko cokali ba.

A zaman kwamiti, da na gama bayanina, Boubacar ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya Suweiba, lambun nan ba wuta. To batirin nan a ɗakin wa za a riƙa cajinsa? Wa zai kai shi inda 'ya'yansa suke kwana?"

Gaskiya ni kaina ban yi wannan tunanin ba. Na tsaya tsakanin mutum biyu, wata tana tsoron hayaƙi, wani yana tsoron wuta, kuma kowannensu ya ga abin da ya gani da idonsa. Mun tashi ranar ba mu yanke komai ba. Ciyawa ta ci gaba da tsawo, ɓeraye suka fara samun mafaka, kuma masu kula da ƙananan lambuna irin namu suka tuna mana cewa wurin da ba a gyarawa ba a barin sa a hannun mutane.

Na rasa yadda zan yi, sai na je shagon Boubacar na ce masa ba na zo in canja masa ra'ayi ba ne, na zo in roƙe shi ya raka ni kanti, abin da ya ce a'a ba za a saya ba. Ya ce zai je.

Na huɗu, abin da muka duba a kanti. Ina so ku saurara, domin wasunku sun fara samun gidaje masu ɗan fili a Staten Island da wajen gari, wata rana zai yi muku amfani.

Ni da na shiga, idona ya faɗa kan babba, mai tuƙa kansa. Mai kantin ya ce in gwada. Na danna hannun, injin ya ja ni har sai da na kusa shiga cikin buhunan taki. A nan na gane cewa girma ba namu ba ne. Mun auna hanyoyin lambun nan da igiya kafin mu fita, kuma babban ba zai wuce tsakanin komaye ba sai ya ci ganyen mutane. Muka koma kan ƙarami mai faɗin inci goma sha shida, marar nauyi, wanda mace irina ko dattijo zai tura ba tare da haki ba, wanda hannunsa ke naɗewa ya shiga ɗan ɗakin ajiyarmu. Muka tambayi tsawon lokacin da batirin ke yi, aka ce kamar rabin awa in ciyawa a bushe take, ƙasa da haka in jiƙaƙƙiya ce ko ta yi tsawo. Filinmu ba ya wuce minti ashirin, saboda haka batir ɗaya ya ishe mu. Muka zaɓi mai jaka a baya, domin ciyawar da aka yanka ta tafi ramin taki.

Shi kuwa Boubacar batirin yake jira. Ya sa aka ciro shi daga jikin injin, ya juya shi, ya nemi tambarin da ke nuna an gwada amincinsa, ya duba cajar ya tabbatar kamfani ɗaya ne ya yi su biyun. Ya tambayi ko cajar tana yanke wuta da kanta in batir ya cika. Ya tambayi abin da za a yi in ya faɗi ƙasa, ko ya kumbura, ko ya yi zafi fiye da kima. Ya tambayi yadda ake ajiye shi lokacin ƙanƙara, aka ce a cire shi a ajiye inda ba sanyi mai tsanani, ba kuma kusa da hita mai ɗumama ɗaki ba. Mai kantin ya gaji har ya tambaye ni ko ƙanen nawa ma'aikacin kashe gobara ne.

A hanyarmu ta dawowa cikin jirgi, Boubacar ya gindaya sharaɗinsa. Batirin ba zai shiga gidan kowa ba. A shagonsa za a riƙa caji, da rana, a kan siminti, nesa da ƙofa, nesa da yadi, kuma yana zaune yana kallo. Ba za a taɓa sayen wani batir ko caja daga hannun mai talla ba. In ya lalace, ba kwandon shara za a jefa shi ba, wurin da ake karɓar tsofaffin batura za a kai. Kwamiti ya amince da wannan baki ɗaya, kuma daga yau ita ce dokar lambu.

Mun yi yankan gwaji Asabar da ta wuce. Aiki ya yi kyau, kuna zaune a kansa. Maame Afua ta fito ta zauna a benci har aka gama, ga ta nan kuma yau a sahun gaba, muna yi mata sannu.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar Juma'ar da ta gabaci gwajin, ranar da aka fara cajin. Nafissa ta gaya mini cewa tun bayan gobarar, ko wayarsa ce a jone, Boubacar ba ya iya zama kusa da ita, sai ya fita waje ya tsaya. Ranar nan bayan an sauko daga masallaci na kai masa batirin, ya jona shi. Na ce ko in zauna tare da shi, ya ce in tafi aikina. Bayan kamar awa ɗaya wayata ta yi ƙara ina tsakiyar ba wa tsohuwar da nake jinya magani. Na ɗauka, ashe Boubacar ne. Ya ce, "Yaya, ya cika, koriyar fitila ta kama." Sannan ya ce, "Kuma ban fita ba. Ina nan zaune har ya gama."

Saboda haka ina roƙon shugaba, in an tashi miƙa makullin injin nan, a miƙa shi ga Boubacar. Duk mai son koyon turawa ya same shi Asabar mai zuwa bayan azahar, maza da mata.

Allah ya ƙara wa Maame Afua lafiya da sauƙin numfashi. Allah ya mayar wa Boubacar da iyalinsa da mafi alherin abin da suka rasa, ya sanya natsuwa a zukatansu. Allah ya tsare gidajenmu da shagunanmu daga gobara, ya tsare masu fita nema a kan keke da mota da jirgi. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya ba mu ikon lura da maƙwabcin da yake haƙuri da mu bai faɗa ba. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.