Kanyar Baba Hirabayashi

Mai girma Magajiyar Garin Tsurumine, Uwargida Okudaira. Shugaban wannan taro, Malam Sakaki. 'Yan majalisar gari. Magina da masassaƙa da suka baro iyalansu suka zauna da mu. Dattawan da ke kan kujeru, da matasan da suka bar musu kujerun suka tsaya a rana. Jama'a maza da mata, barkanku da safiya.

Ni ce Nonomura Chizu, shugabar kwamitin gyaran fada, ko da yake kun fi sanina da mai awara a bakin gada. An ce in yi godiya a madadin gari, ni kuwa ban san ta inda zan fara ba, don duk inda na waiga sai in ga wanda ya cancanta.

Da farko, mu tuna abin da muka rasa. Shekarar da ƙasa ta girgiza, ganuwar gabas ta zube cikin gwalalo, hukuma ta garƙame ƙofar fada. Sai a lokacin muka gane cewa ba tsohon gini kawai aka rufe mana ba. A nan majalisa ke zama, a nan ɗakin karatu yake. A nan ake awon jarirai, a nan ake ɗaura aure, a nan tsofaffi ke shan shayi suna gulmar surukansu. Sarakunan dā sun gina ta don su kare kansu daga abokan gaba, mu kuwa muka mayar da ita tsakar gidanmu. Da aka rufe ta, sai muka watse kamar ba 'yan gari ɗaya ba.

Na biyu, godiya ga magina. Sun tsince duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, kowane dutse suka mayar da shi mazauninsa. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga aikinsu, ba sai na faɗa ba.

Na uku shi ne wanda zan daɗe a kansa. Magina sun ce babbar motar ɗaga duwatsu ba ta da hanyar hawa tudun nan sai ta lambun Baba Hirabayashi, kuma dole a sare itatuwan kanya da ke ciki. In ba haka ba, damina za ta janye sauran ganuwar, ta zubo kan gidajen da ke ƙasa, a rufe fada har abada. Itatuwan nan kuwa marigayiya matarsa, Tomie, ita ta dasa su da hannunta tun tana amarya.

'Yan majalisa suka je, ya kore su. Magajiya ta je, ya ba ta shayi ya rako ta ƙofa. Sai aka turo ni, wai don ajinmu ɗaya a firamare.

Ina shiga ya ce, “Chizu, ke ma sun aiko ki? Lallai majalisa ta ƙare, tunda an koma ga mai awara.”

Na ce, “Tsohon banza, ai sai da suka rasa mai iya jure bakinka.”

Ya ce, “Kakannina ne masu tsaron ƙofar fadar nan. Ku kun mayar da ita kasuwa, jarirai na tsala ihu inda sarki ke zama. Don wannan zan sare kanyar Tomie?”

Na ce, “To, wa ke rungumar jariran nan in ana awonsu? Ba Tomie ba? Har ta kwanta ciwo ba ta fasa zuwa ba. Yanzu uwaye na shiga mota da goyo zuwa wani gari. Ka tambayi kanka abin da za ta ce maka.”

Na ji tsoron ko na wuce gona da iri. Can ya ce, “Tashi ki tafi. Bakinki bai canza ba tun muna yara.”

Na fito ina ganin na ɓata komai. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a shagona, ya dogara sanda. Ya ce, “Ku jira 'ya'yan kanyar su nuna. Kada a sare da 'ya'ya a kai. In sun nuna, kowa ya zo ya tsinka, kada a bar ko ɗaya.”

Da yawanku kuna wurin ranar. Mun zo da kwanduna, mun tsinke tas. Ya bi itatuwan yana dafa kowanne. Masu sara suka ce ya shiga ciki kada ya gani, ya ce a'a, a gabansa aka dasa, a gabansa za a sare. Ya tsaya hawaye na bin fuskarsa, bai goge ba, bai kuma kau da kai ba.

Jama'a, Baba Hirabayashi ba ya cikinmu yau. Yana kwance a asibitin gari, jiki ya ƙi. Jiya na je duba shi, ya ce in gaya muku kada kowa ya ambaci sunansa a taro. Kun ga yadda na bi umarninsa. Tagar ɗakinsa tana kallon tudun nan, kuma na roƙi masu jinya su buɗe ta. Idonsa ba ya kaiwa nan, amma kunnensa garau yake. Saboda haka ina roƙon makaɗanmu, da na sauka, ku juya gangunanku wajen gabas inda asibitin yake, ku buga da dukkan ƙarfinku, mu kuma mu miƙe mu rusuna masa.

Ina yi mana addu'a: ƙasa ta zauna lafiya a ƙarƙashin ƙafafunmu, marasa lafiyarmu su samu sauƙi, magina su koma gida lafiya, 'ya'yanmu su tashi cikin zumunci, kowa ya sauka tudun nan da farin ciki.

Makaɗa, ku matso. Na gode.