Ruwan da Na Sha a Rafin Guza

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu.

Shekara talatin na yi ina tuƙa babbar mota. Na sauke kaya a Kwatano, a Duwala, a Njamena. Faransanci da Yarbanci duk suna bakina. Amma ko'ina na je, mutum ɗaya nake ɗauke da shi a ƙirji: Tanko, abokin aikin ƙanena Bitrus. Tankon nan ne ya soke Bitrus har lahira a garejinsu na Kawo, kan gardamar da ba ta taka kara ta karya ba. Kotu ta ɗaure shi shekara goma sha biyar. A wurina bai isa ba.

A Duwala na shiga silima na kalli wani fim na Turawa. Mai ramuwa cikin farar kwat, yana harbi, kiɗa na tashi a hankali, jini kamar an zana shi. Mutanen can suka yi ta tafi, kamar yadda namu suke yi. Ina fitowa na sayi wuƙa. Kun sha ganina ina raba jibin Ubangiji a coci, alhali wuƙar nan tana ƙarƙashin katifata!

Bara na ji an sako shi, yana gidan uwarsa a Rafin Guza. Da rana tsaka na tafi, wuƙar a aljihu.

Tsohuwar na tarar ita kaɗai, idanunta sun yi rauni. Ba ta tambayi ko ni wane ne ba.

Ta ce, "Maraba da baƙo. Zauna, ɗana, sha ruwa tukuna, magana ta biyo baya." Ta miƙo kwano. "Shekara goma sha biyar ba ni da mai ɗebo mini. Wannan Tanko ne ya ɗebo da safe."

A fim ɗin Duwala ba su nuna uwar kowa ba.

Na sha. A zuciyata na yi kuka: "Yesu, riƙe hannuna, ni ba zan iya ba!"

Sai ga Tanko da jarka a kafaɗa. Yana ganina ya durƙusa. "Yaya, na san za ka zo. Don Allah, kada ka yi a gabanta."

Na zaro wuƙar, na juya ƙotar, na sa a tafin tsohuwar. "Inna, ga tsaraba daga Duwala. Ki riƙa yanka kuɓewa."

Har yau ina kukan Bitrus, amma an zare mini ƙayar ramuwa daga zuciya. Godiya ga Yesu! Mai ɓoye wani abu a ƙarƙashin katifa, ka kawo masa yau, zai karɓa. Amin.