Sun Toshe Muryar Littafina

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Malam Sani daga Tarai, ƙasar Kibiya, malamin makaranta, na rasa ganina shekara uku ke nan. Ƙanwata ta kawo mini na'urar littattafai daga Kano, wadda ke karanta rubutu da murya, da ita nake shirya darasi. Makon jiya na sayi littafin tarihi, na danna, shiru. Ta duba ta ce: "Yaya, masu littafin sun toshe muryar, wai sauraro haƙƙinsu ne daban." Haba! Mu da muka yi karatun zaure da kunne? Ga littafi a hannuna, ga ɗalibai suna jirana. Jama'a, ku ba ni shawara: da wane idon zan karanta?