Ta'aziyyar Mai Rai

A wurin jira na filin jirgin saman Hamad, wani injiniya da ya dawo daga Seoul, babban birnin Koriya, yana hira da dattijon da ke gefensa.

"Alhaji, abokin aikina ɗan Koriya ya ce mahaifinsa ya rasu. Har gidansa a unguwar Bin Mahmud ta nan garin na je ta'aziyya, na ga hoton mamacin. Shekaranjiya a Seoul na ga tsohon a zanga-zanga, riƙe da tuta."

"Subhanallahi. Fatalwa?"

"Da ransa. Siyasa ce ta raba shi da ɗan, har ɗan ya ɗauke shi a matacce. Kowane ɓangare cewa yake shi ke ceton dimokuraɗiyya, ɗayan kuwa maƙiyin ƙasa ne."

Dattijon ya tambaya:

"Wane ɓangare tsohon yake?"

"Me ya sa, Alhaji?"

"Don in san ko yaron yana da gaskiya."