Maginin da Ya Shayar da Bango

Mai girma shugaban gari, dattawanmu da malamanmu, injiniyan ma'aikatar ruwa da ya taso takanas, abokan aikina na kwamitin ruwa, sai iyalan marigayi, musamman mai ɗakinsa, wadda nake kira Yaya tun ranar da ya aure ta: assalamu alaikum. Yau shekara guda da rasuwar Baba Magini.

An ce ni zan yi magana a madadin gari. Ban san wanda ya kawo shawarar ba, amma ya so ya ga ƙarshen kunyata ne, don kowa a nan ya san ba wanda ya sa marigayi a gaba kamar ni.

Ya kasance magini shekara arba'in da ɗoriya. Ya kasance mutumin da ba a sa shi sauri. Ka tambaye shi yaushe zai gama maka ɗaki, sai ya ce da saura, har muka laƙaba masa Da Saura, kuma yana amsawa. Katangar shagona sai da ya rushe layi uku ya sake, wai igiyarsa ta nuna ta karkace. Na ce ni ban ga karkata ba. Ya ce, "Kai tela ne, je ka duba ɗinkinka."

Kun tuna halin da muka shiga bara waccan. Rijiyoyi suka ƙafe, tsohon tankinmu na ƙarfe ya ci tsatsa, ruwan kwana huɗu kawai yake riƙewa. Muka koma zaman jiran motar ruwa sau biyu a mako. Shi ne muka yanke a gina babban tankin siminti a kan tudun bayan asibiti, ya tara mana ruwan damina. Dole a gama kafin ruwa ya sauka, don haka a tsakiyar rani aka yi aikin, muka damƙa shi a hannun Baba.

Da aka gama zuba siminti muka ɗauka an gama. Sai ya ce sai an yi wa bangon ban ruwa kwana ashirin da takwas, safe da yamma, ganga shida a rana, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Mata na tsaye a layi da jarkoki, rana na dukansu, suna kallon ruwa yana bin bango. A rana ta tara, ni da nake shugaban kwamitin ruwa, na kwashi 'yan kwamiti muka hau tudun.

Na ce, "Baba, mutane na fama da ƙishi, kai kana shayar da bango?"

Bai ko ajiye bokitin ba. Ya ce, "Shugaba, in na bar shi ya bushe yanzu, zai tsage ranar da kuka fi bukatarsa."

Na ce, "Saura kwana nawa?"

Ya ce, "Sha tara. Ba zan rage ko ɗaya ba."

Muka yanke masa ruwan mota, daga ganga shida zuwa biyu. Ni na sa hannu. Sauran huɗun da kansa ya riƙa nemo su, yana tura kura zuwa kududdufin tsohon ramin dutse, tafiyar awa guda, mutum ɗan kusan saba'in. Abin da bai cika ba ya cike da rabon gidansa. Mu kuwa, don mu nuna masa ba shi kaɗai ya iya ba, muka gina wa dabbobi kwamin shan ruwa da kanmu, muka ba shi ruwa kwana uku. Kwamin ya tsage, yana nan bayan kasuwa, kaji ke kwana a ciki.

Yaya, ke kika sha abin da ya fi ciwo. Kika zo layin ruwa aka janye jarkoki daga kusa da taki. Aka ce miki ki je ki sha a bangon mijinki. Mun ji, ba mu tsawatar ba. Ya ku 'ya'yansa, an kira mahaifinku mara imani a gabanku. Mu ne muka yi kuskure, muna roƙon ku yafe mana.

Ya cika kwanakinsa ashirin da takwas, ya kwanta ciwo, ya rasu ruwa bai ko kai rabin tankin ba. Damina ta ɗauke da wuri, muka yi wata takwas ba ɗigo. Ba na ɓoye muku, kullum na hau tudun nan sai na shafa bango ina neman danshi. Amma ba a rufe makaranta ba, ɗakin haihuwa bai rasa ruwa ba, ba wanda ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Shekaranjiya da ruwan farko ya sauka, akwai saura a tankin har gwiwa. Wallahi ranar na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Jiya da na je gaishe ki, Yaya, kika faɗa mini abin da ban sani ba. Kika ce maganarsa ta ƙarshe ita ce, "A je a duba mini bangon, ya tsage?" Kika ce kin kasa zuwa, shekara guda kina zagaye hanyar tudun, kina tsoron abin da za ki gani. Makon jiya injiniya ya shiga tankin da fitila, ya bi shi taku-taku, ga shi nan zaune, ya zo ya faɗa da bakinsa. Bai tsage ba, Yaya. Ko tsagar gashi babu. Gobe in kin yarda, ni zan raka ki ki ɗora hannunki a kai.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Baba Magini, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya shayar da shi daga ruwan Aljanna. Allah ya raya zuri'arsa, ya ba mu damina mai albarka. Amin.