Jan Mayen Ƙarfe daga Nesa

A tashar Buza ana jiran mota ta cika, Mansura ta duƙufa kan littafin kimiyyar fizik tana bitar bak, jarrabawar gama sakandare. Wata dattijuwa da ke gefenta ta leƙo.

"Ɗiyata, wanga zane na mi ne ne?"

"Mayen ƙarfe ne, Inna. Layukan ga ƙarfinai ne, da shi yake jawo allura ko bai taɓa ta ba."

"In allurar ta yi nisa fa?"

"Sai jan ya ragu."

"Har ya ƙare?"

Mansura ta sake duba zanen. "A lissafi dai ba ya ƙarewa ƙaf. Raguwa yake yi har a daina jin shi."

"Ko nisan ya kai Libiya?"

Sai lokacin Mansura ta ɗaga kai ta dube ta.

"Autana Lurwanu shina can. Tun bara waccan ba mu ji muryatai ba. Mutane sun ce in dangana."

Mansura ta buɗe baki za ta ce zancen ƙarfe ne kawai, sai ta fasa.

"Ba ya ƙarewa, Inna."

"To maimaita min sannu-sannu, in riƙe, in kai ma ubanai."